Shuɗin Babban Yatsa

Ranar da muka dangwala hannu a Pitowa
mu tara ne a kan tabarma guda.
Shuɗin tawadar ya kwana uku a yatsana,
na ci tuwo da shi, na tsefe kai da shi.

Jaka arba'in, in ji malamar asusu,
duk Lahadi a kawo biyu.
In ɗaya ta faɗi, takwas su ɗauka.
Muka ce to, kamar ba a faɗuwa.

Na sayi gyaɗar Gidar,
da kasko wanda ba na aro ba.
Mai ya fito, ƙuli ya yi ƙara a bakin yara,
har Bappa ya daina tambayar ina za ni,
ya koma tambayar nawa kwalba take yau.

Sai kogin Binuwai ya tsallake gaɓa
ya kwana a rumbun albasar Dudu.
Lahadi ta zo.
Na ƙirga takalma a bakin tabarma, babu nata.

Ba zan ɓoye ba, na ji zafi.
Dala hamsin ɗin nan
kuɗin littafin Ladidi ne.
Na kwance bakin zane da haƙori,
na ajiye ina kallon wani waje.

Mako shida muna haka.
A na bakwai ta yi sallama da asuba,
da wake jiƙaƙƙe a ƙwarya,
ta ce in auna mata kwalba biyu, za ta gwada ƙosai.
Bashi.

Ba takarda, ba tawada.
Na dai riƙe mazurarin
har ɗigon ƙarshe ya sauka.