Ƙaramar Wuta Tukuna

A tsibirin Saaremaa, kafin ƙanƙara ta rufe hanya,
na fasa daɓen ɗakin babana, Endel.
Katako uku na cire. A ƙarƙashi
na tsinci cokali, da maɓallin rigar wani
da ya riga mu jin sanyin nan.

Duwatsun daga gonarmu suke,
waɗanda garma ta shekara arba'in tana zagi.
Na turo su a baro.
Yau ga su a ɗaka, baƙi masu nauyin baki.

Yashi uku, farar ƙasa ɗaya:
haka ya rubuta a bayan kalanda
kafin hannunsa ya fara rawa.
Yanzu yana kujera, bargo a gwiwa,
da gira kawai yake yi mini gyara.

Na ɗora ma'auni, kumfar ta gudu hagu.
Na ƙara kwaɓi, ta gudu dama.
Ya ce: ƙyale ta, teku ma bai kwanta daidai ba.

Kwana goma sha tara muna jira ya bushe,
yatsuna duk sun tsage.
Leida maƙwabciya ta leƙo, ta ce ya karkace.
Ya karkace ɗin.

Daren farko na jibgo itace.
Ya kama hannuna: ƙarama tukuna,
sabon murhu jariri ne, ba a fara masa da nama.

Tsinke biyar, ɓawon itace, ashana ɗaya.
Hayaƙi ya yi jim, ya leƙo ɗaki,
sannan ya gane hanyarsa.
Babana ya tuɓe safa,
ya miƙa wa dutsen ƙafafunsa.