Shi Shanu, Ni Wuta

Ranar da muka rufe Baba da duwatsu
na kwance ɗaurin kan da ban taɓa kwancewa ba tun aurena,
gashina ya ga rana, ya ji kunya.
Muka kayar da bijimai bakwai,
muka jera ƙahoninsu, ƙaho bisa ƙaho, a jikin itacen mofane,
don mai wucewa ya rage sauri.

Makoki na watsewa sai ga Tjiningire,
ɗan ƙanwar Baba, riƙe da sabuwar sanda.
Ya tsaya bakin shinge, leɓensa na motsi.
Ƙirga yake yi.

Ba sata ya zo ba.
Haka muka tarar: dukiya ta bi nono, wuta ta bi uba,
garken mutum na ɗan 'yar'uwarsa ne.
Na san haka tun kafin a fasa mini haƙora huɗu na ƙasa,
amma sani daban, gani daban.

Ya kora ja mai farin goshi,
wadda na janyo daga laka a gaɓar Kunene
kada na kallonmu da ido ɗaya.
Ya kora gurguwar da ba ta amsa fiton kowa sai nawa.
Sau biyu tana waiwaye.
Ni kuwa na duƙa ina gyaran takalmi,
takalmin da babu abin da ya same shi.

Aka bar mini shanun kakanni guda uku,
ba a sayarwa, ba a kyauta da su,
da wutar okuruwo tsakanin ɗakin Inna da shinge,
wutar da baƙo ba ya gitta gabanta.

Inna Uaundjua ba ta yi kuka ba.
Tana durƙushe tana niƙa jan dutse,
ta leƙa ƙahon da take ajiye man shanu,
ta dangwalo da yatsa ɗaya, ba biyu ba,
ta ce, “Daga yau da awo za mu yi ja.”
Da dare ta ɗauki garwashi ta kwana da shi,
da asuba ta mayar, kamar yadda ta saba shekara arba'in.

Na zauna inda Baba ke zama. Dutsen ya fi ni faɗi.
Na kira kakanni ɗaya bayan ɗaya
su miƙa saƙo ga Mukuru,
da na zo sunan ƙarshe harshena ya sarƙe.
Na ce, Baba, ba raini ba,
amma wuta ba ta nono,
hayaƙi ba ya cika ƙwarya.
Itacen ya fashe, tartsatsi ya ƙona mini gwiwa.
Ko amsa ce, ko ɗanyen itace ne, oho.

Wata uku, ruwa bai sauko ba.
Sai ga yaro a kan jaki daga wajen Etanga:
Kawu Vengapi ya kwanta, ba ya ko shan kindirmo.
Kawu, wan Inna,
mai shanu tamanin har da ɗoriya.

Bakina ya ce ayya.
Leɓena kuwa na ji yana motsi.

Na kama shi da hannu kamar mai kama ɓarawo a rumbu.
Na tuna Karinepo, ɗan Kawu,
wanda muka yi kiwon awaki tare muna satar zuma,
na hango shi bakin shinge
ya duƙa yana gyaran takalmi.

Daren nan ban ce wa wuta komai ba,
ita ma ba ta tambaye ni ba.
Na dai ƙara mata busasshen itace.

Da sassafe na tatsi ukun nan, na cika gora,
Inna ta ƙulla mini ƙaron turare a tsumma,
ta ce in ce da wanta kada ya yi gaggawa.
Na kai bakin hanya, na dawo,
na jingine sandar kora a jikin ɗaki,
na tafi hannuna biyu a kan gora.