Rami a Matakala ta Bakwai

Na dawo Nuwakot da littafin launuka a jaka,
da igiyar awo, da 'yar kwalbar gwada tsami.
Na ce wa kakata Sukmaya zan haƙa rami
a matakala ta bakwai, inda masara ba ta wuce ƙugu.
Ta ce, "Haƙa. Amma ka mayar mini da ita yadda ka same ta,
ta sama a sama, ta ƙasa a ƙasa."

Taƙin farko baƙa ce, mai laushi,
mai warin kashin ɓauna da ruɓaɓɓen ganye,
tsutsa ta huda mata tagogi.
Ƙarƙashinta ja, irin jan da ke kwana a farce;
na jiƙa, na murza, ta miƙe kamar lagwani,
sai da ta kai tsawon yatsa kafin ta karye.
Na rubuta: yumɓu da yawa, tsami da yawa.
Can ƙasa kuma dutse ne da ya gaji da zama dutse,
yana ɓarewa falle-falle,
yana ƙyalli a tafin hannu.

Kakata ta tsuguna a bakin ramin,
ta ɗebi kaɗan ta ɗora a harshe.
"Rato mato," in ji ta, "jar ƙasa, marowaciya.
Da damina ta riƙe ƙafarka, da rani ta ƙi garma.
Amma ita ke shafe bango idan Dashain ya matso.
Ta gindin tudu, kalo mato, uwa ce,
ko ba ka roƙa ba za ta ba ka shinkafa.
Mai ruwan tokar nan ta kan tsauni mantuwa gare ta:
ba ta ruwa da safe,
kafin rana tsaka ta ce ba ta san ka ba.
Farar kuwa, kamero, ba ta taɓa ciyar da kowa ba,
ado kawai ta iya."

Ina cikin dariya wuƙata ta yi ƙara.
Tsakanin baƙar da jar, ga wani siririn layi,
faɗin yatsu uku, rairayi da tsakuwa mulmulalla,
irin wadda sai kogi ke iya gogewa.
Kogi kuwa yana can ƙasa, tafiyar awa biyu.
Na buɗe littafi, na juya shafi, na sake juyawa.
Babu gurbinta.

Ta daɗe ba ta ce komai ba.

"Shekarar da tudu ya zame," ta ce,
"ya tafi da gero, da akuya huɗu, da ƙanwar babanka,
nan ba abin da ya rage sai jan ƙashi.
Kakanka Harka ya sauka Tirishuli da kwando,
igiya a goshi, sau biyu a yini,
rani uku yana hawa da bakin kogi a bayansa.
Baƙar da ke sama, ni da ɓauna muka yi ta."

Takardata tana da gidaje goma sha biyu:
launi, zurfi, gangare, dutsen da ya haife ta.
A gida na ƙarshe alƙalami ya tsaya.

Da yamma na mayar da ƙasar,
jar da farko, da ƙafa na danne.
Tsakuwar na jera da hannu.
Tana tsaye a kaina, tana duba ko na yi daidai.