Ƙyallen da Ya Rage

Saura kwana goma sha ɗaya.
Na rubuta da alli a bangon shago,
ƙasan awon kafaɗar wani yaro
da bashin da Maman Kefas ba ta biya ba.

Tun asuba nake taka keke.
Ladan ya kira nasa, na ji.
Ƙararrawar cocinmu ta kira ni, ita ma na ji,
na ce mata, bari in gama wannan hannun.
Hannu ya haifi wuya,
wuya ya haifi zif ɗin da ya ƙi hawa,
rana ta faɗi ta bayan rumfunan masu takalma
ban ce wa Ubangiji ko sannu ba.

Sabon Gari ta cika ta batse.
Mai kaji na rantsuwa, mai shinkafa na rantsuwa,
an rataya fitilu masu ƙiftawa a wuyan itacen roba,
lasifika na shelar haihuwar Almasihu,
tana tsayawa ta faɗi farashin man gyaɗa.

Shekaranjiya a Kantin Kwari
Alhaji Mudi na yanka mini yadi shida,
ya ce, Afiniki, sallarku ta matso,
ke me kika ɗinka wa kanki?
Na yi dariya, na ƙirga canjina.
A cikin adaidaita tambayar ta zauna kusa da ni,
ba ta biya kuɗi ba,
ba ta kuma sauka ba.

Wata takwas ba ma magana da Lai'atu,
uwa ɗaya, uba ɗaya,
a kan gonar da Baba ya bari.
Ta haihu, a bakin mutane na ji.
Wannan yagewar kullum ninke ta nake,
in tura ƙarƙashin tebur
kamar ɗinkin wanda ba ya zuwa ya yi mini faɗa.

Jiya da dare aka ɗauke wuta.
Janareta ya yi tari biyu ya yi shiru.
Na zauna, ƙafata na taka iska.
Na haska ƙasa da waya:
guntun leshin matar likita,
atamfar zumuntar mata,
bakin shadda, jan zare, rabin aljihu.

Sai na tuna, Yaron da ake wannan hidimar dominsa
babu telan da ya gwada shi.
Da abin da ke hannu uwarsa ta naɗe shi,
a garin da shi ma ya cika ya batse.
Waɗanda suka ce babu wuri
wataƙila ba mugaye ba ne.
Aiki ne ya yi musu yawa,
kamar ni.

Ban aika a sayo mai ba.
Na durƙusa tsakanin keke da buhun kaya,
addu'ar ta fito a karkace,
irin ɗinkin ɗan koyo,
na bar ta haka, ban warware ba.

Da na tashi na tsince ƙyallayen,
na nemo allurar hannu.
Ban san awon jaririyar ba,
na kwatanta da tafina biyu
na ƙara kaɗan, yara ba sa jira.

Yau da safe na goge allin.
Saura goma.
Wata na buga ƙofa tun ɗazu tana kiran siket ɗinta.
Ina zuwa, Madam.
Wayar na kunnena,
tana shiga.