Madacin Kawu

Ran hutun ɗaya ga Oktoba,
tun masu waina ba su hura wuta a bakin tasha ba,
muka fice daga Daura a tsohuwar motata,
wadda ƙofarta ta baya sai an lallashe ta daga waje.
Kawu Iro a gaba, sanda tsakanin gwiwoyi,
Ramlatu da Sabi'u a baya suna rigimar taga,
kular dambu a tsakaninsu kamar alƙali.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana malamin daji.
Yanzu yanar ido ta cinye na hagu,
na dama ya kama hanya.
Ya ce akwai madacin da ya dasa da hannunsa
daminar da aka haife ni,
yana son su gaisa kafin fitila ta mutu.

Bayan Sandamu muka saki kwalta.
Gero ya sunkuyar da kai don nauyi,
gawo, mai saɓa wa kowa, sai yanzu yake neman riga.
Can gonaki suka gaji da raka mu, suka tsaya.
Sai fako,
jar tsakuwa, sabara iya ƙugu,
da sama mai faɗin da ban taɓa gani daga kan tebur ɗin kemis ba.

A ƙorama yashi ya riƙe mana ƙafa.
Na ba ta wuta, ta ƙara zama.
"Kashe ta, Tasi'u," in ji Kawu,
"ba a yi wa ƙasa tsawa."

Muka taka.
Waya ta rasa sabis, yaran suka samu idanu.
Ƙarangiya ta yi wa zanen Ramlatu ado kyauta.
Kawu yana tafe yana murza ganye, yana kai wa hanci:
"Kalgo. Geza. Wannan tsada ce, ba ta nuna ba, bar ta."
Fakara ta tashi fir daga gindin gamba,
Sabi'u ya zube zaune,
ya miƙe yana cewa takalmi ne ya yaudare shi.

Rana ta kusa tsaka muka hau tudun,
sai ga madaci biyu
kafaɗa da kafaɗa, tsayi ɗaya, kauri ɗaya,
masu neman magani sun sassaƙe su har iya hannu.
Kawu ya tsaya.
"Ɗaya na dasa," ya ce.
Ya zaga na gabas yana shafa tabon,
ya zaga na yamma, ya kara kunne kamar mai jiran sallama.
Wani makiyayi da ke kishingiɗe a inuwa ya ce,
"Baba, mu dai mun tashi mun gan su haka."

Na zaci ransa zai ɓaci.
Sai ya gyara hula,
ya gai da wannan, ya gai da wancan,
har da tambayar yaya aka ji da ruwa.

Mun manta cokula, muka ci dambu da hannu mu biyar.
Ramlatu ta ɗanɗani ɓawon a ɓoye,
fuskarta ta tona mata asiri.

Bijimai biyu na makiyayin suka fid da motar
da igiyar rijiya.
Na miƙa kuɗi, ya kau da kai,
ya ce in da maganin ciwon gwiwa, innarsa na so.
Akwai.

Da muka hango fitilun gari ana kiran magariba,
yaran sun yi barci kai bisa kai,
Kawu ma yana gyangyaɗi, bakinsa a ɗan buɗe.
A aljihun dama guntun ɓawo,
a na hagu wani.
Na rage gudu a kan ramuka.
Har yau ban tambaye shi wanne ne wanne ba.