Matakala Ɗari da Sittin

Daren jiya na rubuta abin da zan yi yau:
biyan kuɗin wuta, kai ɗinkin Doña Fresia,
ɗauko Nahuel daga makaranta ƙarfe huɗu.
Uku kacal. Ko ɗan yaye zai riƙe uku.
Na manna takardar a jikin firji
kusa da ta Litinin, da ta watan jiya,
da wata da rana ta lashe rubutunta.

Da safe na ɗora ruwan shayi.
Kafin ya tafasa na ce bari in nemo almakashi,
garin neman almakashi na ci karo da maɓallan kakata
cikin gwangwanin biskit,
na zazzage su a tebur, na hau rarrabewa:
farare nan, na ƙashi nan, masu ido huɗu can.
Ƙaurin buta ne ya kira sunana.
Ta uku ke nan bana.

Gidanmu na kan tudu a Valparaíso,
matakala ɗari da sittin tsakaninmu da titi.
Na haddace su don ninki nake biya:
in sauka ba makulli,
in hau, in sauko ba takardar wuta.
Don Eleuterio mai kanti ya daina dariya tuntuni,
yatsu kawai yake ɗaga mini: biyu? uku?

Jiragen ruwa can ƙasa sun san sa'arsu,
kowane akwatin ƙarfe da lambarsa, da masaukinsa.
Ni kuwa kaina tasha ce ba mai ba da hannu,
duk jirage na busa ƙaho lokaci guda,
wanda ya fi ƙara shi nake buɗe wa.

Lokaci biyu na sani: yanzu, da can.
Ƙarfe huɗu na zaune a can abinsa
har ya faɗo mini a ka da rabinsa a haɗe,
Nahuel a bakin ƙofa, shi da maigadi,
yana shurin tsakuwa.
"Ba komai, Mama."
Gara ya zage ni.

Shekara arba'in ana ce mini raguwa.
Malamar aji uku ta rubuta: akwai kai, babu niyya.
Niyya!
Da niyya hatsi ce, da na ciyar da tudun nan kaf.
Raguwar da ke kwana kan keken ɗinki,
ba ci ba sha, ba ta jin ƙararrawar coci,
asuba ta same ta tana cizge zaren ƙarshe a rigar amarya.

Sai bara likita ta jawo kujera kusa,
ta rubuta haruffa huɗu, ta juyo mini takardar.
TDAH a bakin mutanen nan, wasu wurare ADHD.
Ta ce, ba sanin abin yi kika rasa ba,
jerawar ce ke suɓuce miki:
wanne gaba, wanne baya, kuma yaushe.
Na yi ta kuka a bas
har na wuce inda zan sauka.

Yanzu makulli na wuyana kamar laya.
Ƙarfe uku da kwata waya ta ɗau muryar Nahuel:
"Mama, ajiye allurar. Mama, yanzu."
Takarda ɗaya, aiki ɗaya, in na gama in yage.
Magani da safe, in na tuna inda na ajiye shi.
Ba warkewa ba ce, lallaɓawa ce,
irin ta mai ɗauke da ƙwai a gangare.

Yau na kai ɗinkin.
Na isa makaranta saura minti biyu,
ina haki, jan zare na bin siket ɗina tun daga gida.
Kuɗin wuta kuwa,
to,
ga mu muna cin burodi a hasken kyandir,
Nahuel na jera maɓallai a tebur,
farare nan, na ƙashi nan,
yana tambayata ina za a sa
wannan da ba shi da ɗan'uwa.