Bakwai

Ranar Laraba, bayan la'asar,
a Bolari, gidan Malam Manu mai gyaran rediyo,
akwai akwatin nan mai ƙafa huɗu,
sai an buɗe masa ƙofa biyu kamar kabad.
Adda Fantu na bakin zaure tana duba diddige,
mai ƙasa a ƙafa ya koma bakin rijiya.

Mu bakwai ne:
ni da Bappa, da Lidiya 'yar malamin asibiti,
Ishaku da ƙanwarsa mai tsotsar yatsa,
Dija mai ƙullin gyaɗa a bakin zane,
sai Yuguda, wanda ba ya samun zama.
Shi yana waje, rungume da gorar eriya,
yana murɗawa, muna ihu ta taga:
"Bai yi ba! Koma baya! Ya yi, ya yi, tsaya haka!"
Bai taɓa ganin farkon shirin ba,
kiɗan buɗewa kawai yake ji ta bango.

Daga cikin yayyafin nan fari da baƙi
Anti Asabe ke fitowa da alli a hannu.
Ita ta ce ruwan sama daga ƙasa yake tashi,
Kaka ta ce zancen banza,
muka rasa wa za mu bi.
Ita ta sa muka shuka wake a gwangwanin madara.
Na Bappa ya yi ganye huɗu,
nawa akuya ta riga ni gani.

Amma Ɗan Tsigi muke jira.
Safa ce, idonsa maɓalli, harshensa jan ƙyalle,
murya kamar an taka kwaɗo.
Ya iya baƙaƙe, ya iya wasula,
ƙirga ce ta gagare shi.
"Huɗu, biyar, shida... takwas!"
Sai ɗaki ya ɗauka har kwanon rufi na amsawa:
"Bakwai!"
Ya karkata kai kamar ya jiyo mu.
Mako ya zagayo, ya sake mantawa.
Muka gama firamare, bai koya ba.
Ƙannenmu suka gaji tabarmar, bai koya ba.

In Nepa ta ɗauke ana tsakiyar ƙirga,
sai mu zuba wa baƙin gilashi ido
da bakwai a bakinmu,
ba wanda za mu ba.

Bara, a tashar Dukku,
na tsaya sayen batir wurin wani dattijo mai tebur.
Yana ƙirgo min canji, tsofaffin ɗari-ɗari,
"Huɗu, biyar, shida,"
sai muryar ta ratsa ni kamar ruwan randa.
Na dubi hannunsa na dama,
yadda yatsu huɗu ke haɗuwa da babban yatsa
kamar bakin da ya saba magana.
Ya ga yadda na tsaya. Ba ni ne na farko ba.
Ya sunkuyar da kai, ya matse maƙogwaro:
"Takwas."

Ni da furfura a gemu,
'yan kamasho na ihun Azare, Azare,
na ji bakina ya ce, "Bakwai, Baba."
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi,
ya miƙo canjin, cif, ba ƙwandala da ta ɓata.

A hanyar gida na ƙirga mu.
Bappa na Fatakwal da tirela,
Lidiya na karɓar haihuwa a Kaltungo,
Ishaku, ƙanwarsa, Dija mai jikoki biyu,
da ni.
Shida.
Hanyar Kumo ta ci ɗaya a wata damina.

Yanzu ni ma a nan nake tsayawa,
in karkata kai, in saurara.
Akwai wani a waje, rungume da gora,
yana jira a leƙo ta taga
a ce masa ya yi, ya shigo.